Amsar Kawu Mati

Abin da ya ɓace a garin nan, wanda ba mai jimaminsa sai irinmu da haƙora suka zube, shi ne shirun safiya. Yanzu tun ba a sallame sallar asuba ba manyan motoci sun fara gurnani a kan hanyar kudu, wani ya kunna rediyo, wani ya tayar da janareto, ga babura ko'ina kamar an tsokano zuma. Jikokina sun gina mani ɗaki na bulo da siminti suna ta yabon kansu, ni kuwa in na kwanta a ciki ko tarin maƙwabcina ba na ji, ya mutu ko yana raye sai dai a zo a gaya mani. Da can Tamanrasset ba haka take ba. Ɗan ƙaramin gari ne na jar ƙasa can cikin hamada a gindin duwatsu, in rana ta kusa fitowa sanyi ya sauko daga duwatsun Hoggar ya shiga ƙashi, komai ya yi tsit. A cikin wannan shirun kana kwance za ka san wa ya tashi wa ya makara. Ka ji guga ya faɗa rijiya, ka ji Buzu yana lallashin raƙuminsa ya durƙusa, ka ji tabarya ta farko, sannan ta biyu ta amsa mata daga wata unguwa. Bangon ƙasa ba ya ɓoye magana, shi ya sa mutanen wancan lokaci suka iya bakinsu fiye da na yau.

Gidanmu yana ƙarshen gari wajen kori, inda ruwa ke wucewa in an yi sa'a an yi ruwan sama a kan duwatsu. Mu uku ne a ciki: ni, lokacin ina amarya ban ko haihu ba, da mijina Ilu wanda yake da 'yar rumfa a kasuwa yana sayar da barkono da lalle da busasshen zoɓo, sai mahaifiyata, Inna Hajjo. Daga wajen Tasawa muka taso. Ilu kasuwa ta kawo shi, Inna kuwa ɗan'uwanta ta biyo. Yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Kawu Mati, wanda ya bi ayari zuwa arewa tun yana saurayi, ciwo ya kayar da shi a hanya, 'yan ayari suka bar shi a wani gari suka wuce. Limaman Nasara, waɗanda mu mutanen Nijar muke ce wa mumpe, su suka yi jinyarsa. Ya warke ya zama mai dafa musu abinci, daga baya ya shiga addininsu. A gida an daɗe da yi masa addu'ar mamaci, sai bayan mahaifina ya rasu wasu fatake suka ce sun ga mai kama da shi a Tamanrasset yana yi wa wani tsohon mumpe aiki. Inna ta ce ko ya zama mene ne, nono ɗaya suka sha, sai ta gan shi. Da muka iso Kawu ne ya samo mana gidan, bango ɗaya ya raba tsakar gidanmu da ɗakin da suke ibadarsu.

Ni Musulma ce, a kan haka aka haife ni, a kan haka nake roƙon Allah ya ɗauke ni. Ban zauna don in yi wa kowa wa'azi ba, abin da kunnena ya ji nake faɗa. Kowace safiya, daidai lokacin da nake jawo turmi kusa da bangon nan don nan rana take fara sauka, mukan ji su, Kawu da tsohon mumpen. Sukan daɗe suna gunguni a wani tsohon yare da ko Faransawan da suka mulki ƙasar ba sa magana da shi a kasuwa, sai can a tsakiya muryar tsohon ta ɗaga, siririya mai rawa, kamar zai yi waƙa. Ya faɗi 'yar magana ya yi shiru, Kawu ya amsa da muryarsa mai kauri wadda hayaƙin murhu ya dusashe. Tsohon ya sake, Kawu ya amsa. Kafin amsa ta uku kullum sai Kawu ya yi ɗan tari guda, kamar mai share hanya, sannan ya faɗa. Na saba da abin har tabaryata takan jira tarin kafin ta sauka.

Wata rana Kawu yana zaune a tsakar gidanmu yana yankan albasa, don ya fi son ya kawo aikinsa inda ake surutu, Inna ta dube shi ta ce, "Yaya Mati, wai mi kuke faɗi kowace safiya kai da tsohonka, kamar masu cinikin raƙumi?"

Ya yi dariya ya share hawayen albasa da bayan hannu. "Gaisuwa ce, Hajjo. Shi ce, Ubangiji shi kasance tare da ku. In ce, shi kasance tare da ruhunka kai ma. Shi ce, ku ɗaga zukatanku sama. In ce, mun ɗaga su wurin Ubangiji. Shi ce, mu gode wa Ubangiji Allahnmu. In ce, daidai ne, haka ya kamata. Sai an yi wannan kana shi shiga babbar addu'ar."

"Ku, ku, ku. Kai da wa? Kai ɗaya ne fa a ɗakin."

"Da can ɗakin cika yake yi, sojoji da matansu da 'yan buro masu aikin ofis. Tun da ƙasa ta koma hannun masu ita suka kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ni ne jama'ar."

"In ba ka amsa ba fa?"

"Ba shi iya wucewa. Dokarsu ce, mumpe ba shi yin wannan addu'a shi kaɗai, sai da mai amsa mishi. Ko zazzaɓi nake yi, sai in rarrafa in tafi."

Inna ta taɓe baki ta ce, "To Allah shi shirye ka." Haka take ce masa kullum, shi kuma kullum ya ce amin da gaske, ya ci gaba da yankan albasarsa.

Mutanen da suna ɗaukar amsa da nauyi. Inna takan ce mani, wanda ya yi maki sallama ya ɗora maki kaya ne a kai, ba kya saukewa sai kin amsa. In almajirin malam ko baƙo ya yi sallama a ƙofa, ko bakinki cike yake da tuwo sai kin haɗiye kin amsa, in ba haka ba ki sha ranƙwashi. Yau kuwa sai in shiga ɗakin jikokina in yi sallama, kowa kansa a sunkuye a kan waya, wanda ya fi su tarbiyya ya ɗaga mani yatsa ɗaya. Ba na faɗa da su, na gaji. Amma shi ya sa in na ba su labarin nan suke ganin tatsuniya ce, don ba su san yadda kiran da ba a amsa ba yake tsayawa a wuyan mutum ba.

Cikin wani sanyi mai tsanani ciwon ƙirji ya kama Kawu. Bai daɗe a kwance ba. Tsohon mumpen da wasu Buzaye biyu masu aikin lambu suka kai shi bayan tudu, inda ake binne Nasara, Inna ta tsaya a bakin kori tana hangensu har suka ɓace. Ba a yi masa salla ba, ba a zauna karɓar gaisuwa yadda aka saba ba, mutanenmu na kasuwa suka riƙa zuwa ɗai-ɗai suna cewa a yi haƙuri ba tare da sun san addu'ar da za su yi ba. Bayan bango kuma aka yi shiru na 'yan kwanaki. Mukan ji tsohon yana jan takalmi, yana ƙoƙarin hura wuta da kansa, har Inna ta riƙa aika masa da kunu ta hannun Ilu.

Ran nan da safe ina daka, Inna tana gefe tana tankaɗe, sai na ji gungunin ya dawo. Na ce a raina, Allah sarki, tsoho ya kasa haƙuri. Can muryarsa ta ɗaga, ya faɗi magana ta farko ya yi shiru. Tausayi ya kama ni, don na san abin da zai biyo baya shiru ne kawai. Sai aka amsa.

Tabarya tana sama a hannuna, na kasa sauke ta. Murya ce mai kauri, dusasshiya, ba ta da ƙarfi sosai, kamar mai magana da baki a rufe da rawani. Tsohon ya faɗi ta biyu, muryarsa tana karkarwa fiye da kullum, aka amsa. Ya faɗi ta uku. Aka yi ɗan tari guda, sannan aka amsa. Na juya na dubi Inna. Rariya tana hannunta a karkace, gari yana zuba a ƙasa ba ta sani ba. Akuyarmu da take kwanciya jikin bangon don ɗumi ta tashi a hankali ta koma can bakin ƙofa, ba ta ƙara kwanciya a wurin ba. Inna ta gyara rariyar ta ce, "Ci gaba da dakanki."

Da Ilu ya dawo na gaya masa, ya ce tsufa ne, tsohon yana kira yana amsa wa kansa, wanda ya zauna da mutum shekara da shekaru ai zai iya kwaikwayon muryarsa. Na so in yarda, wallahi na so. Amma abin ya ci gaba kowace safiya, har wata rana na kifa turmi na hau na leƙa ta 'yar tagar da ke saman bangon. Ɗaki ne ƙarami, an shafe shi da farar ƙasa. Ga tebur da farin ƙyalle, ga kyandir biyu, ga tsohon a tsaye cikin rigarsa, ina ganin gefen fuskarsa sarai. A ƙasa wajen damarsa akwai buzun akuya da Kawu yake durƙusawa a kai, gashin tsakiyarsa ya cinye wurin gwiwoyi. Ba kowa a kai. Tsohon ya buɗe hannuwa ya yi kiran, ya rufe bakinsa, na ga leɓɓansa a haɗe. Amsar ta fito daga saman buzun, daidai inda kan mutum zai kai in ya durƙusa. Ban san yadda na sauko daga turmin ba, sai dai na ga gwiwata tana jini. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban ƙara jin irinsa ba har yau.

Inna ba tsoro ne ya kama ta ba, baƙin ciki ne. A wurinta magana ɗaya ce: ɗan'uwanta bai kwanta ba. Ya sha wahalar duniya, ya mutu a ƙasar da ba tasa ba, an binne shi ba salla, sannan ko hutun kabari an hana shi, ana tashinsa aiki kowace safiya kamar bawa. "Abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi ban san shi ba," in ji ta, "amma a bar shi shi kwanta shi ji da shi." Ta daina cin abinci sai 'yar fura, idanunta suka faɗa, zanenta ya riƙa zamewa daga ƙugu. Tun da duhun asuba take zama jikin bangon da tasbaha a hannu, in an gama ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Na ga in ba a yi wani abu ba, to zan rasa uwa a kan wanda ya riga ya tafi.

Ilu ya je wurin malamin da ke karantar da yaran mutanenmu, mutumin kirki ɗan Damagaram. Malamin ya ba da rubutu mu sha mu yayyafa a bango, ya ce aljani kan ari muryar mamaci don ya ruɗi masu rai, abin da ya fi mu tashi daga gidan. Muka sha, muka yayyafa, ba abin da ya canza. Maganar tashi kuwa Inna ta ce, "Malam ya fi ni sani, amma aljani ba shi tari irin na Yaya Mati. Sau ɗaya aka tafi aka bar shi a hanya, ni ba ni yin na biyu."

A ƙarshe ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Wannan ne karo na farko da ta taka ƙofar tsohon. Muka same shi a tsakar gida yana shan hantsi, dogo ne, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari. Yana jin Hausa irin wadda ya koya a bakin Kawu, har da karin mutanen Tasawa, abin da ya sa jin maganarsa ya yi mani wani iri. Inna ba ta zauna ba.

"Mumpe, kai ma kana jin shi?"

Ya ce, "Ina ji, 'yar'uwar Mati."

"To don mi kake kiran shi?"

"Ban kira shi ba. 'Yan'uwana da ke kan dutsen Assekrem sun aiko in hau wurinsu, ƙirjina ba shi iya sanyin can. Na ce to, addu'ata ta ƙare, tunda babu mai amsawa. Ranar nan na shiga don in yi bankwana da teburin, na faɗi maganar don bakina ya saba. Sai ya amsa. Wanda aka amsa wa ba shi da izinin tsayawa, sai na wuce."

"Ka ci guminshi yana da rai, ka bar shi haka nan. Don girman Allahn da kake bauta wa, kar ka ƙara."

Abin da take roƙo shi ne abu ɗaya da ya rage masa a duniya, ni ma da ƙuruciyata na gane haka. Ya ce, "Kin fi ni gaskiya. Gobe ba ni shiga."

Ya cika alkawari. Washegari muna jikin bango ni da Inna, muna jin sa can tsakar gidansa yana tari, bai je kusa da ɗakin ba. Rana ta fito ta sauka a kan turmi. Inna ta fara sauke ajiyar zuciya ke nan, sai muka ji amsa ta farko, ita kaɗai, ba kira. Aka yi shiru daidai tsawon maganar da tsohon zai faɗa, sannan ta biyu. Shiru kuma, sai tari, sai ta uku. Muka zauna ba mai motsi. Da aka ga ba abin da ya biyo baya, sai aka koma daga farko. Haka aka yi ta yi, ba gaggawa ba fushi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya tabbata akwai mutane a ciki. Hantsi ya yi, kaji suka watse, mata suka wuce da tuluna ta ƙofar gidanmu suna hira, muryar ba ta fasa ba. Inna ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, daga baya ta damƙi zanena ta ce, "Tafi ki ce mishi shi kira shi. Don Allah shi kira shi." Na ruga. Tsohon ya riga ya miƙe yana laluben bango, fuskarsa sharkaf da hawaye. Ya shiga ya yi kiran, aka amsa masa bi da bi, sannan aka yi shiru.

Daga ranar muka rasa ta yi. A kira shi bai huta ba, a ƙyale shi ya fi wahala. Inna ta kwanta sosai, sai an tallafe ta take fita.

A shekarun nan gwamnati ta kawo malamai daga Masar don su koyar da Larabci a lekkol, wato makarantar boko, duk ustaz ake ce musu. Ɗaya daga cikinsu, Ustaz Butrus, yakan zo rumfar Ilu sayen zoɓo, ya ce a ƙasarsu shayinsa suke sha. Mutum ne gajere mai fara'a, amma ba a taɓa ganinsa a masallaci ba. Wata rana ya miƙa hannu zai karɓi ƙunshi, hannun rigarsa ya ja baya, Ilu ya ga ɗan zanen gicciye shuɗi a wuyan hannunsa. Ashe a Masar ma akwai Kirista, tun kaka da kakanni, Larabawa kamar kowa. Ilu bai yi shawara da kowa ba ya kawo shi gida, muka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, Ilu yana yi mana tafinta da Larabcinsa na kasuwa.

Ni na faɗa masa maganganun nan shida yadda Kawu ya fassara mana. Tun ina ta biyu na ga fara'arsa ta ɗauke, ya riƙa motsa baki tare da ni. Ya ce tun yana yaro a kafaɗar mahaifinsa yake jin su. A wurinsu limami yakan ce a ɗaga zukata, jama'a gaba ɗaya su ce suna wurin Ubangiji, har rufin ɗakin ya amsa. Ya ce Girkawan da ke birninsu suna faɗa, mutanen Sham suna faɗa, Habashawa suna faɗa, kowa da yarensa, wasu su ƙara kalma wasu su rage, wasu su ce zukata wasu su ce hankula, amma kira uku ne amsa uku ne. Ya ce sun saɓa a kan abubuwa da yawa har ba sa shiga ɗakunan ibadar juna, wannan gaisuwar ce dai ba wanda ya yar da ita. Sai dai da Ilu ya faɗa masa abin da muke so, ya girgiza kai. Ya ce jama'arsu da ta wannan tsoho sun rabu tun zamanin da ba wanda ya tuna, ba sa haɗa tebur, in limaminsu na gida ya ji zai yi fushi da shi. Kuma na lura yana satar kallon bangon, tsoro yake ji kamar kowa.

Inna ta ɗago daga kan tabarma da ƙyar. "Ilu, faɗa mishi ban ce shi ci abincinsu ba, ban ce shi bar nashi ba. Yaya Mati mutum ne tsaye bakin aiki, an yi mishi kiran da ba a ƙi, ya duba bai ga wanda za shi miƙa wa ba. Masu ban ruwa a lambu ma ba su barin bakin rafi sai na baya ya iso. Shi tafi shi karɓe shi kawai."

Ustaz ya dubi ƙasusuwan hannunta, ya daɗe yana murza wuyan hannunsa da babban yatsa. Sannan ya ce zai zo gobe kafin lekkol, amma da Larabci zai amsa, don shi ya iya.

Da safe muka fito da Inna muka jingina ta da bangon, Ilu ma bai tafi kasuwa ba. Muka ji takun Ustaz, muka ji suna gaisawa da tsohon, muka ji ƙofar ɗakin. Gunguni ya yi tsawo a ranar, ko kuwa mu ne muka ƙosa. Can muryar tsohon ta ɗaga da kira na farko. Murya biyu suka amsa tare, ɗaya da Larabci tana rawa, ɗaya da tsohon yaren nan, dusasshiya. Na ji Ilu yana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Na ɗauka Ustaz zai fito da gudu, amma bai fito ba. Kira na biyu, ya amsa da ƙarfi wannan karon, kamar wanda ya tuna gida, ɗaya muryar tana ƙarƙashin tasa, da ƙyar ake jin ta. Kira na uku. Muka ji tarin, sarai muka ji shi. Bayansa kuwa Larabci ne kaɗai.

Ustaz ya fito fuskarsa kamar toka, ya sha ruwa a gidanmu, ya wuce lekkol. Amma washegari ya dawo, ya kuma ci gaba da zuwa kowace safiya. Inna ta fara cin tuwo, ta koma tankaɗe da faɗa da ni a kan gishirin miya, na gode wa Allah da na ji ta tana zagina. Sai dai ba ta daina zama jikin bangon ba. Takan karkata kai in Ustaz yana amsawa, kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin muryarsa. In na ce, "Inna, ai an gama," sai ta ce, "Ban sani ba ko ya tafi, ko kau shiru ya yi yana jira don ya ga baƙo."

Da zafi ya shigo aka rufe lekkol, malaman Masar suka hau mota zuwa arewa don su tafi hutu gida. Ustaz ya zo ya yi mana sallama, Ilu ya cika masa buhu da zoɓo. Duk mun san abin da safiyar gobe take nufi.

Tun kafin in tashi Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na saƙi wanda take ajiyewa don salla, ta sa kwalli, ta zauna a wurinta. Ko tsoron ta ji shi take yi, ko fatan ta ji shi, ban sani ba, na tabbata ita ma ba ta sani ba. Na zauna kusa da ita, ban taɓa turmi ba. Tsohon ya shiga, ya yi gunguninsa shi kaɗai, sannan ya ɗaga murya ya yi kiran. Muka jira. Can nesa wani yana jan guga, wata tabarya tana sauka. Ya sake kiran, a hankali. Ba a amsa ba. Muka ji ya hure kyandir ɗaya bayan ɗaya, ya ja takalmansa, ya rufe ƙofa.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya kwanta."

Ta shafa fuska, ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta fasa. Ta juya ta ɗora tafin hannunta a kan bangon, ta kai bakinta kusa, ita da ta roƙi kowa kada a ƙara kiransa, ta ce a hankali, "Yaya Mati."

Nan take ta rufe bakinta da hannu, idanunta a waje don tsoron abin da ta yi. Muka jira tare, ni da ita, har rana ta rufe mana ƙafafu. Da ta tabbata ba za a amsa ba, sai ta kifa goshinta a bangon ta yi kukan ɗan'uwanta, ni kuma na riƙe ta.